Ranar da Na Ce Kar Kowa Ya Amsa

A Anka aka haife ni, a gidan malamai. Babana yana da makarantar allo a zaurenmu, kuma shi ya tsaya tsayin daka sai da na yi boko har na gama makarantar horon malamai, duk da ƙananan maganganun dangi. Aikin farko da aka ba ni a wata firamare ce, a wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum, gaba da Adabka kaɗan. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ba kuma zan faɗi sunayen mutanensa ba, don da yawansu suna nan da rai, kuma ba su ce in ba da labarinsu ba. Ina kwana a gidan wata gwaggona da ke aure a can. Ranar Juma'a in an tashi sai in hau babur ɗin haya, kabu-kabu, in dawo gida, in koma ranar Lahadi da la'asar. Shekara uku na yi a haka.

Makarantar ɗakuna uku ce na siminti da rufin kwano, sai wata rumfa da 'yan aji ɗaya ke zama. Ba katanga. Bayanta gonaki ne, da damina gero yakan yi tsawo har ya tare hasken tagogi. 'Yan aji uku nake koyarwa. Ƙofar ajina ta ƙarfe ce, tsatsa ta cinye ƙasanta ta bar rami kamar faɗin tafin hannu, ta nan ƙadangaru suke shigo mana.

A cikin ɗalibaina akwai wata yarinya 'yar shekara tara, bahaguwa. Da yake da hagu take rubutu, kullum gwiwar hannunta tana karo da ta maƙwabciyarta, su yi ta faɗa. Sai na mayar da ita ƙarshen bencin gaba, dab da ƙofa, inda ba wanda za ta buga. Yarinya ce mai surutu, ta fi kowa tambaya. In na ce biyar sau huɗu ashirin, sai ta ce, "Malama, wa ya ƙirga?" Babanta manomi ne, gonarsa tana bayan makaranta. Kusan kowace safiya tare suke zuwa, shi da fartanya a kafaɗa, ita da jakar buhu. Sai ya tsaya daga nesa ya ce, "Malama, an tashi lahiya? Ga ɗiyarki nan," ya wuce.

A shekarar da nake magana, ɓarayin daji sun matsa wa ƙauyukan da ke kewaye da mu. Yau a ji sun kore shanu a can, gobe a ji sun ɗauke mutane a gona. Hedimastanmu, dattijo ne da ya kusa ritaya, ya tara mu, mu huɗu malamai, a gindin dogonyaro. Ya ce in wani abu ya faru muna cikin aji, kada mu bari yara su watse cikin gonaki, don a can ake tsintar su ɗaya bayan ɗaya. A rufe ƙofa, a sa sakata, kowa ya kwanta ƙasa, a yi shiru har sai shi da kansa ya zo ya ƙwanƙwasa. Muka ce mun ji. A raina ban ɗauka za a zo wurin ba.

Ranar Laraba ce, damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. Mun dawo daga hutun tara ke nan, ina rubuta lissafi a allo, sai na ji rurin babura. Babur ba baƙon abu ba ne a wurinmu, amma wannan ba ɗaya ba ne, ba biyu ba, kuma ba ta hanyar gari suke tahowa ba, ta cikin gonaki ne. Kafin in ajiye alli aka yi harbin farko.

Ban san yadda na isa ƙofa ba. Na dai san na sa sakata, na ja tagogin katako, na ce, "Kowa ƙasa! Ku shige ƙarƙashin benci. Kar in ji ko tari." Suka zube. Wasu suka fara kuka, na bi su da rarrafe ina toshe musu baki da hannuna, ina raɗa musu su yi ta Hasbunallahu a zuci. Ajin ya yi duhu, sai ɗan hasken da ke shigowa ta ramin ƙofa. Baburan suka wuce ta gefen makaranta suka nufi cikin gari, amma wasu sun tsaya a bakin hanya, muna jin maganarsu, muna jin dariyar ɗaya daga cikinsu.

A cikin wannan hali na ji muryar namiji daga wajen gonaki, yana gudu yana kiran sunan mace. Sunan da yake kira, yara uku ne masu shi a ajina. Na ga kawuna suna ɗagowa. Na ce, da ƙaramar murya amma da ƙarfi, "Kar wadda ta amsa. Kar kowa ya amsa." Muryar ta ƙara matsowa, ya kira sau biyu ko sau uku. Sai aka yi harbi kusa da mu ƙwarai, har kwanon rufi ya amsa. Daga nan ban sake jin kiran ba.

Mun fi awa ɗaya a kwance. Ƙafata ta mutu, wani yaro ya yi fitsari ya jiƙa mini zane, ban ko motsa ba. Sai da rurin baburan ya yi nisa, kukan shanun da suka kora ya ɓace, sannan hedimasta ya zo ya ƙwanƙwasa ya ambaci sunana. Da na buɗe na gan shi da 'yar shara kawai. Babbar rigarsa tana shimfiɗe a ƙasa, taku kamar goma daga ƙofar ajina, an rufe mutum da ita, ƙafafunsa sun leƙo, duk laka. Ya ce mini a hankali, "Fito da su ta nan gefe, ki sa su dubi bango." Haka na yi. Na jera su, kowa ya dafa kafaɗar na gabansa, na ce a dubi bango har mu wuce. Ba yaron da ya rasa ransa a makarantar, ba kuma wanda aka ɗauka.

Sai bayan azahar na san wanda ke ƙarƙashin rigar. Baban bahaguwar yarinyar nan ne. Yana gona ya ji harbi, ya yar da fartanya ya nufo makaranta. Bayan la'asar aka yi jana'izarsa tare da sauran waɗanda aka kashe a cikin gari. Washegari mutane suka fara ɗaure kaya. Wasu suka yi Bukkuyum, wasu Gummi, wasu Anka. Aka rufe makaranta, gero yana tsaye a gona ba mai yanka.

Na dawo gida na yi wata biyu ba na fita. Ban yi ciwo ba, ina ci, ina sallah, amma in ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gidanmu sai in tsinci kaina a bayan randa. Wata rana ƙanwata ta saki murfin tukunya a kan siminti, na zube ƙasa na rufe kai. Inna ta zo ta zauna kusa da ni ta ci gaba da tsintar shinkafarta har na tashi da kaina. Baba kuma kowace safiya yakan yi mini rubutu ya wanke ya aiko in sha. Mutane suna zuwa yi mini barka, suna cewa na yi jarumta, na tsare 'ya'yan mutane. Ina amsawa da godiya. Ban gaya wa kowa maganar kiran nan ba.

Da aka koma sabon zango sai aka tura ni wata firamare a cikin Anka, wadda ta cika da 'ya'yan waɗanda suka gudo daga ƙauyuka. Benci na mutum uku, biyar ke zama, wasu a ƙasa. A sati na biyu, ina cikin kiran suna, wata mata da hijabi mai ruwan toka ta yi sallama a bakin ƙofa, riƙe da hannun yarinya. Na gane yarinyar kafin in gane uwar, bahaguwar nan ce. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo.

Uwar ta ce, "Malama, an ce mani kina nan, shi ya sa na kawo ta. Ke ta sani." Ta ja ni gefe ta rage murya. "Tun ranar nan ba ta magana. In an tambaye ta sai ta kaɗa kai. Mun kai ta asibiti sun ce ba abin da ya samu harshenta. An yi rubutu, an yi tofi. Ko kukan babanta ba ta yi ba."

Na durƙusa na kama hannun yarinyar na gaishe ta. Ta dube ni, ba fushi a idonta, ba kuma murna. Na nuna mata wuri a ƙarshen benci saboda hannunta. Ta dubi wurin, ta dubi ƙofa, ta wuce can ƙuryar aji ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Na bar ta.

Ba ita kaɗai ba ce. 'Ya'yan gudun hijirar nan ana gane su ba sai an tambaya ba. Wani in ya zo ba ya cire takalmi ko ajiye jaka, a goye take har a tashi. Wata ba ta yarda a rufe taga. Akwai yaron da kullum sai ya doki wani kafin tara, in an tambaye shi dalili ya fashe da kuka. Wata safiya salansar wani babur ta buga a bakin titi, kafin ƙiftawar ido rabin ajina suna ƙarƙashin benci, sauran rabin, 'yan cikin gari, suna ta dariya. Ni kuma na samu kaina a tsugune a gindin allo, alli ya karye a hannuna. Da suka ga Malama ma a ƙasa, dariyar ta tsaya. Na miƙe na kaɗe zane na ce musu, "Waɗannan da kuka ga sun kwanta, abin da ya cece su ke nan a garinsu. Ni ma shi ya cece ni. Wanda ya sake yi musu dariya, da ni yake." Ba a sake ba, aƙalla a gabana.

A cikin zangon aka kawo mana wata ma'aikaciyar jinya, mace mai sanyin magana, ta yi kwana biyu tana zama da malamai bayan an tashi. Ba ta zo da wani abu mai wuya ba. Ta ce kada mu matsa wa yaro ya ba da labarin abin da ya gani, amma in ya fara, mu ajiye komai mu saurara. Ta ce mu riƙa yin abubuwa a kan lokaci guda kullum, don yaron da duniya ta birkice masa yana samun natsuwa in ya san abin da ke biye. In za a buga ƙararrawa ko za a yi wani aiki mai ƙara, a gaya musu tukuna. A ajiye bulala. A ba su takarda da fensir su zana abin da suka ga dama. Da za ta tafi ta riƙe ni a baranda ta ce, "Ke kuma wa kike gaya wa naki?" Na yi murmushi na ce lafiyata ƙalau. Ta ce to, amma ba ta saki hannuna da wuri ba.

Na bi abin da ta ce. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da ake dukansa da guduma, muka daina, aka koma aiko ɗalibi ya zagaya ajujuwa ya ce lokaci ya yi. Ranar Alhamis bayan tara na mayar da ita ranar zane. Yara suka zana babura, da bindigogi, da shanu, wasu suka zana gidajensu da rumbuna. Bahaguwar takan karɓi takarda ta riƙe, in an tashi ta mayar mini da ita fara. Amma aikin lissafi tana yi, kuma daidai. Kowace safiya nakan je ƙuryarta in gaishe ta, in gaya mata abin da za mu yi yau, ban jiran amsa. Wata yarinya 'yar cikin gari ta koma kusa da ita da kanta, tana raba mata ƙuli-ƙuli. Haka muka yi wajen wata uku.

A wannan lokaci iyayen yara suka yi taro a kan tsaron makarantar. Ita ma ba ta da katanga ta baya. Aka yi gayya Asabar uku a jere, magina da iyaye suka ja katangar ƙasa, aka bar wata 'yar ƙofa da ke fita cikin unguwa, maƙwabta suka yarda in wani abu ya taso a shigar da yara gidajensu. Sabon hedimastana, mutum mai son tsari, ya ce bai isa ba, sai yara sun gwada abin da za su yi, kamar yadda ake gwada sallah kafin a iya. Wasu malamai suka ce tayar da hankali ne. Ya juyo gare ni ya ce, "Malama, ke kin gani da idonki. Me kika yi har yaranki suka tsira?" Na ce na rufe ƙofa, na sa sun kwanta, na sa sun yi shiru. Ya ce to haka za a gwada, in ba a samu damar fita ta ƙofar baya ba.

Mun gaya wa yara tun ana saura kwana biyu. Na maimaita musu cewa gwaji ne, ba kowa a waje, ba abin da zai faru. Na je ƙurya na gaya wa yarinyar ita kaɗai, na ce in ba ta so tana iya zama a ofis. Ta girgiza kai.

Ranar gwajin, da hantsi, hedimasta ya ɗaga hannu daga baranda. Na rufe ƙofa na sa sakata, na ce kowa ƙasa. Suka kwanta, wasu suna ƙunshe dariya. Sai bakina ya faɗi abin da ban shirya faɗa ba. Na ce, "Kowa ya yi shiru. Ko an kira sunanka kar ka amsa."

Ihun da ya tashi daga ƙuryar ajin, har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Murya ce da ta yi wata biyar ba ta fita ba, a shaƙe, kamar ta tsohuwa. Yarinyar ta miƙe tsaye tana fuskantar ƙofa, tana cewa, "Baba, koma! Baba, koma! Suna nan! Koma!" Ta ruga ta kama sakata tana ja. Na rungume ta ta baya, tana dukana da hannun hagu, tana kiran babanta, har ƙarfinta ya ƙare ta sulale a jikina. Yaran ajin duka suka fashe da kuka. Aka dakatar da gwajin.

Na ɗauke ta zuwa ofis, na ba ta ruwa, na zauna a ƙasa kusa da ita. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Na gane shi."

Na ce, "Wa kika gani?"

"Baba. Ta ramin ƙohwa. Shina gudu, shina kirana. Su kuma suna bakin hanya, shi bai gane su ba, gero ya tare mai. Ni ina ganin su duka." Sannan ta ce, "Na buɗe baki in ce mai shi koma. Sai kinka ce kar kowa ya amsa."

Ban taɓa tunanin ramin nan ba. Ni na zaunar da ita a wurin. Da aka ce a kwanta, fuskarta ta faɗi daidai da shi.

Ta ce, "Malama, da na yi magana, da ya koma?"

Abin da ya zo bakina shi na faɗa, ina kuka. Na ce, "Waɗanda suka harbe shi su ke da alhakinsa, ba ke ba. In kuwa akwai wanda ya hana ki magana, ni ce, ke biyayya kika yi. Kuma da kin ɗaga murya, da sun san akwai yara a ɗakin, da sun zo ƙofar. Duk 'yan ajinmu da suka koma gida ranar nan, shirunki yana cikin abin da ya mayar da su." Ta saurare ni har na gama. Ban sani ba ko ta yarda. Ni kaina ban san ko gaskiya na faɗa ba. Wataƙila sun san muna ciki, ba mu suka zo nema ba. Wataƙila da ta yi ihu da ya faɗa cikin gero ya tsira, mu ma ba abin da zai same mu. Ba wanda zai iya gaya mini.

Da na koma gida na samu Baba a zaure bayan la'asar, ɗalibansa sun tashi. Na zauna a bakin tabarma na ba shi labari tun daga kiran har zuwa ihun, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Kwanansa ya ƙare a wurin nan, wannan ba shakka a cikinsa. Ke kuma an ba ki amanar 'ya'yan mutane, kin yi abin da kika ga shi ne daidai a lokacin da ba a tunani. Amma ba zan ce maki ki manta ba, don ba za ki manta ba. Uwar ɗiyar ta san wannan magana?" Na ce a'a. Ya ce, "To ita ya kamata ta ji, kuma daga bakinki."

Kwana biyu ina jan ƙafa. Ranar Asabar da safe Inna ta raka ni. Suna zaune a wani gida da ba a gama ginawa ba a bayan gari, iyali huɗu, kowa da ɗaki guda, an rataya buhu a madadin ƙofa. Uwar ta shimfiɗa mana tabarma, yarinyar tana gefe tana wanke kwanoni. Na faɗi abin da ya kawo ni, ban rage komai ba. Na ce na ji kiransa, na hana a amsa, kuma 'yarta tana kallo. Na ce in tana da abin da za ta ce mini ta faɗa, zan ɗauka.

Matar ta dubi ƙasa. Hawaye suna zuba ba ta share ba. Sannan ta kira 'yarta ta ce ta zo ta zauna. Ta ce, "Wanda ke noma kusa da babanki ya zo mani gaisuwa. Ya ce da anka hwara harbi ya riƙe mai riga, ya ce kada shi tahi, mutanen na bakin hanya. Ya gaya mai. Babanki ya ce ya sani, ya fizge, har rigar ta yage." Ta kama haɓar yarinyar ta ɗago fuskarta. "Kin ji? Ya san suna nan. Ko kin yi kira, ba ya komawa. Da ya ji muryarki ma sai shi ƙara gudu. Shekara goma sha biyar ina zaune da shi, na san wanda na aura."

Yarinyar ta kifa kai a cinyar uwarta ta yi kuka, irin kukan da ake yi ranar mutuwa. Matan gidan suka leƙo suka koma. Inna tana ta salati a hankali. Da za mu tafi uwar ta rako mu har bakin hanya. Ta ce, "Malama, ban riƙe ki da komi ba. Ɗiyata ta dawo mani da rai." Ta ɗan tsaya, sannan ta ce, "Amma da ban ji ba ya fi mani sauƙi." Na ce na sani, ta yafe mini. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Maganar yarinyar ba ta dawo a rana ɗaya ba. Ta fara da amsa gaisuwa. Bayan sati biyu ta ce wa ƙawarta ta matsa mata. Wata rana ta karɓi takardar zane ta zana gona da mutum a tsakiya, ta ninke ta sa a jaka, ba ta nuna mini ba, ni ma ban tambaya ba. Wasu ranakun takan koma shiru tun safe har a tashi. Surutun nan nata na da, da tambayoyin da ke sa ni dariya, ban sake jin su ba har muka rabu. Ni kuma na nemi ma'aikaciyar jinyar nan, na riƙa zuwa wurinta lokaci-lokaci muna magana. Ita ta ce mini kada a sake yin gwaji da yaran da abin ya shafa a cikin ɗaki rufe, a fara da nuna musu ƙofar baya da gidajen da za su shiga, da rana tsaka, ana tafe ana hira. Na kai wa hedimasta, ya karɓa.

Ƙarshen shekara kawun yarinyar ya zo ya kwashe su zuwa Gummi, inda ya samar wa uwar ɗaki a gidansa. Ta zo yi mini sallama da sabon hijabi, ta ce, "Malama, mun tahi." Na ce Allah ya tsare, ta riƙe karatu. Labarin da nake samu daga bakin masu zuwa can, tana makaranta, ta shiga sakandare, kuma ana yabon lissafinta. Ban sake ganinta ba.

Ina nan ina koyarwa a Anka. Duk farkon zango mukan tara iyaye mu gaya musu tsarin da muka yi, kuma ni ake sa wa in yi bayani. Nakan ce musu in suka ji wani abu, don Allah kada su rugo makaranta, su bari mu fitar da yaran ta inda muka shirya, zuwansu yana iya jawo abin da ake gudu. Sukan gyaɗa kai. A taron bara wani dattijo mai 'ya'ya uku a wurinmu ya bari sai da aka watse, ya matso ya ce, "Malama, mun ji bayaninki, kuma gaskiya ne. Amma in faɗa maki tsakani da Allah, in na ji harbi ɗiyana na ciki, zuwa zan yi." Na ce masa na sani.

Kwanan baya gwaggona ta aiko cewa wasu sun fara komawa ƙauyen suna noma da rana su kwana a wani wuri, kuma ana maganar sake buɗe makarantar in hankali ya kwanta. Tsohon hedimastanmu ya yi ritaya. An tambaye ni ko zan koma, tunda na san yaran da iyayensu. Na ce a ba ni lokaci in yi shawara da gida. Wata huɗu ke nan, ban ba su amsa ba.